Ranar da Na Toshe Oga Bitrus

A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ranar da ta ƙi fita daga kaina wata Juma'a ce a farkon damina. Ba ranar da tsawa ta ƙone mana rawuta, na'urar da ke raba intanet, ba ce, ba kuma ranar da janareta ya kama da wuta ba. Waɗannan an sayo sababbi, magana ta ƙare. Ina nufin ranar da na toshe Oga Bitrus. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, gara ku ji daga bakina.

Sunana Sale. Ana ce mini Malam Sale, amma ni ba malamin komai ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya. Gyaran janareta nake yi a Utako lokacin da Oga Injiniya ya buɗe gidan wasan kwamfuta kusa da tashar da motocin Kubwa ke lodi, ya ɗauke ni in riƙa kula masa da wuta. Daga wuta na koma jan waya, daga jan waya na koma rawuta, har aka wayi gari mabuɗin komai yana hannuna. Turancin da ke fitowa a allo haddace shi na yi, ba karanta shi nake yi ba. Shi Oga Injiniya ma'aikacin gwamnati ne, sai Asabar yake leƙowa.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in yi bayani a taƙaice. A ɗakin baya muna da wata kwamfuta da ba a kashewa, ita ake kira saba. Wasan a cikinta yake zaune. Mutum yana gidansa, ko ofis, ko shagonsa, sai ya shigo ta intanet ya tarar da sauran. Abu uku ne aikina. Na farko ƙofa: a cikin rawuta ake buɗe wata ƙofa mai lamba, a nuna mata hanyar zuwa saba, in ba haka ba na waje ba zai shigo ba. Na biyu jerin sunaye: wanda babu sunansa a ciki, ko ya ƙwanƙwasa ba za a buɗe masa ba. Na uku rajista, inda saba ke rubuta wanda ya shigo, da lokacin, da lambar adireshin da ya shigo da ita. Wannan lambar kashi huɗu ce, da ɗigo a tsakani. Abin da na ɗauka a lokacin shi ne kowa da tasa, kamar lambar waya. Ku riƙe wannan.

Wasan na gine-gine ne, ana jera tubali ana yin gari. Kada ku ɗauka yara ne. Magidanta ne, direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis masu furfura. Shekara biyu suna gini. Akwai kasuwa, akwai tasha, akwai masallaci, akwai coci, akwai gareji.

Garejin na Oga Bitrus ne. Mutumin Filato ne, tsohon makaniki a Apo, gidansa a Kubwa. Jak ya zame wata rana yana ƙarƙashin mota, ta danne masa ƙugu, tun daga nan yake kan keken guragu. Matarsa, Maman Ladi, tana fita kasuwa tun safe, shi kaɗai ake bari a ɗaki sai yamma. Alhaji Mudi, mai sayar da taya a nan Utako, tsohon abokin hulɗarsa, shi ya kai masa tsohuwar kwamfutar cinya, ya ce in sa sunansa a jerin. Daga ranar, in na buɗe rajista da safe, sunan Bitrus ne na farko. Duk Asabar ta ƙarshen wata kuma mukan cika mota mu je Kubwa mu gaishe shi.

Hasumiyar masallacin ma shi ya gina. Alhaji Mudi ne ya fara, ta fito a karkace. Ina jin su a ɗakin hira, Bitrus yana cewa, "Alhaji, wannan hasumiya naka, ladan in zai hau sai ya bar wasiyya."

Alhaji ya ce, "Kai rufe mini baki. Motar da ka gyara mini ma kwana biyu ta yi ta dawo."

"Ai direban ne matsala, ba injin ba. Matsa gefe in gyara maka."

Sati guda ya yi yana jera tubali har ta miƙe.

To, ranar Laraba ta satin da abin ya faru aka yi ruwa da iska, wuta ta yi ta ƙyaftawa, rawuta ta manta duk abin da aka saita mata. Kowa ya kasa shiga, waya ta dame ni. Na bi tsari yadda na saba. Na maido wa saba lambarta ta cikin gida, na sake buɗe ƙofa, na gwada da wayata daga waje. Ta ƙi. Na ce ko jerin sunayen ne ya rikice, na kashe shi don in gwada. Ta ƙi dai. Can na gano katangar tsaron kwamfutar ce ta rufe hanya. Na buɗe, mutane suka shigo, aka yi ta sa mini albarka, na tafi cin abinci. Jerin sunayen ban mayar ba. Na manta. Adireshin sabarmu kuwa yana rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofar shago, duk mai jiran motar Kubwa yana ganinsa.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci wajen biyu da rabi, na kunna waya, saƙo ya fi ƙarfin karantawa. Na shiga wasan. An ƙone masallacin. Hasumiya ta zube, rufi babu, wuta ta ci rumfunan kasuwa na kusa. Coci da gareji suna nesa, ko tubali ɗaya bai taɓu ba.

Ba zan ɓoye muku ba. Da gada ce aka rushe, ko tasha, da na zauna na sha ruwa na yi tunani. Amma masallaci ne, kuma ranar Juma'a, kuma a daidai lokacin da dukkanmu muke sahu. Nan take na buɗe rajista.

Tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu suna biyu ne kawai a ciki. Bitrus, da wani baƙon suna da ban taɓa gani ba, haruffa ne da lambobi a cakuɗe. Baƙon ne ya kunna wutar, rajista ta nuna. Na duba lambar adireshinsa. Na duba ta Bitrus. Iri ɗaya, kashi huɗun duka. Na duba sau uku. Na ce shi ke nan, ya buɗe suna na biyu ya yi ɓarna, ya bar na farkon a kunne don a ce yana wani wuri.

Ban tambayi kaina yadda baƙo ya wuce jerin sunaye ba. Ban tambayi kaina me zai sa mutum ya ƙone abin da ya yi sati yana ginawa ba. Na ɗauki hoton allo, na zagaye lambobin biyu da ja, na tura a guruf ɗinmu na waya. Na bi da saƙon murya. Har yau ina jin muryata. Na ce, "Jama'a, ga wanda ya ƙone masallaci. Ga wanda muke cika mota muna kai wa ziyara." Sannan na toshe sunansa, na toshe lambar.

Bitrus ya kira ni sau uku. Wayar tana kan tebur, ina kallon sunansa har ta katse. Ya rubuto: "Malam Sale don Allah ka ɗaga, ban gane abin da ya faru ba." Ban amsa ba. Kafin la'asar Alhaji Mudi ya cire shi daga guruf, ya rubuta cewa da hannunsa ya kawo shi, da hannunsa ya fitar da shi.

Saba tana ajiye kwafin garin duk safiya. Na ɗauko na ranar na mayar. Minti goma bai cika ba masallaci ya dawo, har hasumiyar, kamar ba a taɓa shi ba.

Oga Injiniya yana Kaduna wajen taro, ya kira da yamma. Ya ce, "Sale, ka tabbata?"

Na ce, "Yallaɓai, da idona na gani. Lamba ɗaya ce."

"To, ka fi ni kusa. Yi abin da ya dace."

Washegari ina dube-dube na ga jerin sunaye a kashe. Nan ne Allah ya ba ni dama ta biyu, na ƙi karɓa. Na mayar da shi shiru, ban faɗa wa kowa ba, na ce wa kaina ai ko ƙofa a buɗe take, wanda ya shiga ya yi ɓarna shi ne mai laifi. Ranar Lahadi rajista ta nuna baƙon ya sake ƙwanƙwasawa, da lambar da kashin ƙarshe kawai ya bambanta. Na ce wato bai daddara ba. Na toshe duk lambar da ta fara da waɗannan kashi ukun. Mutum biyu cikin 'yan wasanmu da ke zaune a Kubwa suka yi ƙorafin wani lokaci suna shiga, wani lokaci a kore su. Na ce musu layinsu ne ba kyau.

Asabar ta ƙarshen wata ta zo. Ba wanda ya yi maganar mota.

Bayan sati uku ƙanwata ta haihu a Kubwa, na je suna. Muna zaune a rumfa da hantsi Alhaji Mudi ya kira, wai wasan yana sanƙarewa, in duba. Kwamfutata tana jaka. Intanet ɗin layina ba ya kamawa a unguwar, sai mijin ƙanwata ya miƙo mini 'yar na'urar intanet ɗinsa ta aljihu. Na haɗa, na sa sunana, na danna.

Saba ta ce an toshe ni.

Na sake. An toshe ni. Ni da mabuɗi yake hannuna. Na duba lambar da na'urar ta ba ni. Kashi ukun farko na san su kamar sunana, su na zagaye da ja. Mijin ƙanwata tela ne, bai san ma akwai wani wasa ba.

Na koma bayan rumfa na kira Oga Injiniya. Na karanta masa lambar, na ce ya aka yi na'urar tela ta ɗauki lambar Bitrus.

Ya ce, "Ba lambar Bitrus ba ce. Kamfanonin waya ba su da lambar da za ta ishi kowa, sai su tara mutane da yawa a bayan guda ɗaya. Kamar motar haya ce, Sale. Lambar mota ɗaya, fasinja cike, kuma ana sauka ana hawa. Yau kai ne a ciki, gobe wani. Tsaya. Da wannan ka kama mutumin nan?"

Na ce, "Eh, yallaɓai."

"Da wannan kaɗai?"

Na ce, "Akwai kuma jerin sunaye, yallaɓai. Ni na bar shi a kashe tun Laraba."

Ya ce, "Ni ma da laifina, da na ce ka turo mini in gani. Kana Kubwa ko? To ka san inda za ka."

Ban jira abincin suna ba. Na hau babur.

Maman Ladi na tarar a ƙofa tana wanki, ranar ba ta fita ba. Na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta.

Ta ce, "Mai hoto ne. Yau wa za ka ɗauka?"

Na ce, "Maman Ladi, wurin Oga na zo."

"Ka san inda muryarka ya kai? Har kasuwa. Wata mai tumatir ta kunna mini, ta ce ba mijinki ba ne wannan? Babu wanda ya ce masallacin wasa ne. An ce Bitrus ya ƙone masallaci, shi ke nan. Kwana biyu muna gidan yayana a Dutse, a bayan mota muka kwantar da shi kamar buhu. Sai da limamin layin nan ya tara mutane ya ce, ku ji tsoron Allah, mutumin da ko dakalin ƙofa ba ya iya hayewa sai an ɗaga shi? Sannan muka dawo."

Ni ban san saƙon ya fita daga guruf ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa tsayawa na yi tunanin zai fita ba.

Daga ciki Bitrus ya ce, "Bar shi ya shigo."

Yana kan kekensa kusa da taga. Ya rame. Kwamfutar tana saman kabad, an lulluɓe ta da ɗankwali, an ɗora rediyo a kai. Ya ce a kawo mini ruwa. Na durƙusa, ni da na kusa sa'ansa, na faɗa masa komai: jerin sunaye, lambar, motar haya, na'urar tela. Ban rage ba. Na ce ya yafe mini.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ranar ina can ƙarƙashin ƙasa ina haƙo ƙarfe. Motar da nake haɗawa a gareji saura ƙafa ɗaya. Ban ga wuta ba, ban ga kowa ba. Kawai aka jefo ni waje."

Na ce, "Na sani yanzu, Oga."

"Malam Sale, shekara ashirin da wani abu ina Apo. Mutum ya kawo mota ya ce injin ya mutu, ban taɓa yarda ba sai na buɗe bonet da hannuna. Wani lokaci waya ɗaya ne ya cire. Kai lambar wayana yana hannunka shekara biyu. Ni ma na kira ka. Sau uku."

"Haka ne."

"Abin da ya fi mini ciwo ba kai ba ne. Kai inji ka duba, inji ya ruɗe ka. Amma mutum talatin da wani abu, sun ci abinci a ɗakin nan, babu ɗaya da ya ce a'a, bari mu ji daga bakinsa. Alhaji ma." Ya juya ya kalli taga. "Na yafe maka. Tashi, ƙasan da sanyi."

Na ce zan buɗe sunansa yau ɗin nan, kafin ya sha ruwa ya dawo garejinsa.

Ya yi 'yar dariya. "In dawo in yi me? In Juma'a ta yi, kun tafi salla, ni kaɗai a ciki, sai in riƙa addu'a kada wani abu ya faɗi? A'a. Na huta."

Na roƙe shi. Ya ce in gaida mutanen gida, ya tambayi sunan jaririyar, ya ce Allah ya raya. Maman Ladi ta riƙe labule har na fita.

A ranar na cire duk toshewar. Na yi sabon saƙon murya a guruf, na faɗi sunana, na ce ni na bar ƙofa a buɗe, ni na yi wa Bitrus ƙazafi, duk wanda ya tura na farkon ya tura wannan. Na farkon cikin awa ɗaya ya kai kasuwar Kubwa. Na biyun mutum huɗu ne suka amsa. Ɗaya ya ce Allah ya kyauta. Ɗaya ya ce to ai dai ba a kama wanda ya yi ba. Gaskiya ne, har yau ba a kama shi ba, kuma ba za a kama shi ba. Wataƙila wani ne da ya gaji da jiran mota ya kwafi adireshi a allonmu.

Alhaji Mudi ya zo shago washegari, ya zauna a kan benci ya fi awa. Da zai tafi ya ce, "Sale, ka sa na ci amanar mutum." Na ce haka ne. Ban ce masa shi ma yana da lambar wayar ba, don ba ni da bakin faɗa. Ya je Kubwa sau biyu. An karɓe shi, an ba shi ruwa, an yi maganar tsadar taya. Kafin ƙarshen shekarar Bitrus da matarsa suka tattara suka koma Filato. Maman Ladi ta ce wa maƙwabta zaman ya daina yi mata daɗi.

Oga Injiniya bai kore ni ba. Da ya kore ni wataƙila da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya sa na goge adireshin daga allo, ya kuma rubuta doka ya manna a ƙofar ɗakin saba: duk abin da ka kashe don gwaji, rubuta a takarda, kada ka tashi sai ka mayar. Ita ce takardar da kuke gani ta yi ja. Ta ƙasanta, mai mummunan rubutu, ni na ƙara: ba a toshe kowa sai an kira shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Rajista tana faɗin abin da ta gani, ba ta san mutum ba. Ta ce lamba kaza ta shigo, gaskiya ta faɗa. Ni ne na ɗora wa lambar fuska, kuma na ɗora da sauri saboda fuskar ta yi daidai da abin da ke kwance a raina ban sani ba. Aikin nan za a ce muku na waya ne da ƙofa da lamba. Eh, haka ne, har ranar da za ka danna abu ɗaya ka raba mutum da duk jama'ar da ta rage masa. Garin wasa yana da kwafi, in ya ƙone a mayar. Abin da na faɗa a kan Bitrus ba inda aka ajiye na jiya da zan ɗauko.

Duk farkon shekara Oga yana sa a share sunayen waɗanda suka daina shigowa, don jerin ya yi sauƙi. In aikin ya faɗo a kan ɗayanku, za ku ga suna na goma sha ɗaya ya daɗe bai motsa ba. Ku bar shi. Garejin ma ku bar shi, da motar da ke ciki mai ƙafa uku. Wani ya taɓa cewa zai ƙarasa ta, na ce in ya taɓa ta ni da shi ne. Mai ita bai ce a ƙarasa ba.